Zuwana Siyena Ɗauko 'Yar Fari

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Na shiga shagon kayan miya a Wheaton, an tare ni tsakanin buhun gari da galan ɗin manja. Na je suna a Landover, ko zama ban yi ba aka fara, "Hajiya Rabi, yaya Italiya? Wai da gaske coci kika shiga?" Wasu labarin ƙasar suke so, wasu kuwa na san sarai gulma ce ke cin su. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya ɗebi abin da ya zo nema, a bar ni in sha ruwa.

Ga wanda bai san ni ba, ni nas ce, 'yar Zariya, na haura shekara ashirin a Maryland. 'Yata ta fari a nan aka haife ta. Ƙannenta Yaya suke ce mata, ni kuwa ba za ku ji sunanta a bakina ba, kun san dalili. Tun tana firamare muke kiranta likita. Tana aji uku a jami'a ta bugo waya ta ce ta bar hanyar likitanci, ta koma koyon gyaran tsofaffin gine-gine, har an ɗauke ta koyon aiki a wani tsohon coci a garin Siyena. Abin da na faɗa mata ranar ba zan maimaita duka ba. Na dai ce ashe tsayuwar da na yi a asibiti shekara da shekaru, leburar coci nake raino. Ta ce, "To, Momi," ta kashe waya. Daga nan wata bakwai ban ji muryarta ba, sai dai ta kira Abbansu, ni kuma in laɓe a bakin ƙofa ina saurare.

Da na ce zan je in ɗauko ta, Abbansu bai hana ni ba. Ya ce, "Ki je. Amma yarinyar nan zuciyarki ta ɗauko. In kika ja ta da ƙarfi, ba za ki dawo da ita ba, kuma shirun ba zai tsaya a wata bakwai ba." Maganar ta tsaya min a rai, amma na nuna ko a jikina.

Shi bai samu hutu ba, sai Sista Ladi ta ce za ta raka ni. Abokiyar aikina ce, Kirista 'yar Pankshin, tana zaune a Springfield, kuma da hannunta ta yi wa Yaya wankan farko. Ta ce, "Hajjaju, ni coci zan je gani. Yaƙinki naki ne, kar ki sa ni."

Kwana uku na yi ina dambun nama. Mu ba mu iya ba wa ɗa haƙuri da baki ba, da abinci muke yi, kuma yarinyar nan in ta ga dambun nama mantawa take da kowa. Na ɗura shi a roba, na naɗe cikin zannuwa, na cusa yaji a gefe.

A filin jirgin Roma duba fasfo bai ɗauki lokaci ba. Muna jan akwatuna sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, ma'aikacin kwastan na riƙe da shi. Duk jama'ar nan bai ga kowa ba sai ni. Ya zo ya zauna a gaban akwatina yana kallona. Na tattare mayafina ina cewa a janye shi kar ya taɓa ni, Ladi na dariya har da riƙe ciki. Aka buɗe akwati. Ma'aikacin ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu daga waje. Na ce soyayye ne, busasshe, 'yata na kawo wa. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya girgiza kai kamar shi aka yi wa asarar, sannan ya jefa robar a kwandon shara. Yajin dai ya bar min.

"Ga haƙurin naki can," in ji Ladi. "Sai ki nemo wani."

Na ce ta rufe min baki. Amma gaskiyarta ce, don ban taho da komai ba bayan shi.

Bas muka hau, tafiyar kamar awa uku, tuddai da gonakin inabi da zaitun. Inda muka yada zango Ladi ta nemi kofi, aka miƙo mata wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba. Ta leƙa ciki ta tambayi mai shagon ina sauran. Su a tsaye suke kurɓewa sau ɗaya su wuce, ba zama ba hira.

Siyena a kan tudu take, kuma ba a barin mota ta shiga tsohon gari haka kawai. Muka ja kaya a kan titin dutse, hawa ba sauka. Ƙafar akwatina ɗaya ta fita, ta gangara abinta, sai wani dattijo ya tare ta da sandarsa ya kawo min da hannu biyu. Lungunan sun tuna min da cikin birnin Zariya, ƙunci da kwana-kwana, sai dai ko'ina tutoci ne masu hoton dabbobi. Mai masaukinmu, wata tsohuwa Sinyora Anna, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta sumbace mu kunci biyu, ni ina ta noƙewa. Da waya muka yi ta fassara. Ta ce kowace unguwa da dabbarta, a ciki ake haifarka, a ciki kake mutuwa. Tata unguwar Kunkuru ce. Ladi ta ce ai mun wuce wata mai tutar katantanwa, kyakkyawa. Tsohuwar ta haɗe rai, ta ce kar a sake ambatar mutanen nan a gidanta. Na ce ikon Allah, ashe 'yan Birni da 'yan Tudun Wada ko'ina akwai su.

Abin da ya fara sa na ga girman mutanen ƙasar a banɗaki yake. Na ɗauko butata tun daga Wheaton, sai na tarar da wani ɗan kwano da famfo a gefen masai, na tsarki da ruwa. Shekara ashirin a Amurka ban ga gidan da ya yi wannan tunanin ba. Abinci kuwa, taliyarsu ta garin 'yar murji ce sak, mai kauri, da hannu ake murza ta. Burodinsu ba gishiri ko ɗis, na ɗauka mantawa aka yi, ashe haka suke so. Sai dai alade, a miya, a rataye, har kan na daji a manne a bangon shago. Na tsaya a kan miyar wake da ganye, na zazzaga yajina. Mai kawo abincin ya dafe ƙirji, ya roƙa ya ɗanɗana, ya tafi yana tari.

Washegari da hantsi muka haɗu da Yaya a filin gaban cocin, don Ladi ta riga ta gaya mata muna tafe. Ta rungume Ladi har da ɗaga ta. Ni kuma ta zo ta ɗan russuna ta ce, "Ina kwana, Momi." Zuciyata kamar ta fito. Abin da bakina ya ce shi ne, "Lafiya. Kin rame."

Mutanen garin Duwomo suke ce wa cocin. Jikinsa da hasumiyarsa layi-layi ne, baƙi da fari, kamar bargon luru, duk na dutsen mabul, wato marmara. Gaban kuwa ƙofa uku, da gumaka da sassaƙa ba inda za ka ɗora yatsa. A bakin shiga ana tare 'yan mata masu guntayen wanduna da buɗaɗɗiyar kafaɗa, ana ba su wani mayafi na takarda su rufa. Mu da muka sha atamfa da mayafi, mai gadin ƙofar har da sunkuyar mana da kai. Da na zo dokin ƙofa, ban ma yi tunani ba, na tuɓe takalmana na riƙe a hannu. Wurin ibada ne, ko ba nawa ba. Mai gadin ya rikice yana nuna ƙafata, layi ya tsaya a bayana. Yaya ta ce da Turanci, don ita Hausa ji take ba ta mayarwa, "Momi, a nan da takalmi ake shiga, hula maza suke cirewa." Ladi ta ce, "Hajjaju, yau kam kin fi Paparoma ladabi."

Ina shiga na ɗaga kai. Ginshiƙai ne a jere, su ma baƙi da fari, suna haɗuwa a sama a lanƙwashe. Na ce wa Ladi wannan ai bakan gizo ne, irin na tsohon masallacin Juma'a na garinmu, sai dai namu ƙasa da azara, nasu dutse. Rufin shuɗi ne da taurari ruwan zinariya. Can sama kawunan Paparomomi ne a jere suna leƙo mu, kamar dattawan unguwa a kan dakali. Akwai mumbari na mabul da aka ɗora wasu ƙafafunsa a bayan zakuna. Ladi ta zauna a benci tana share hawaye. Ta ce, "Mu cocinmu na gida kwano ne da benci da ganga, kuma Allah na ji. Amma kai, mutanen nan sun yi aiki."

Ni tambaya ce ta cika ni. Wa ya gina? Da me aka ɗaga dutsen nan ba inji? Yaya tana amsawa kamar mai yi wa baƙi jagora, ba ta kallon idona. Ta ce ginin ya haura shekara ɗari bakwai, da sunan Nana Maryam aka yi shi, baƙi da fari kuma launin tutar garin ne. Da igiya da kura da ƙarfin mutane aka ɗaga komai. Waɗanda suka haƙa tushe ba su ga rufi ba, jikoki ne suka ƙarasa. Na ce, "Kuma suka yarda su fara?" Ta ce, "Haka aikin yake, Momi."

Sai ta ce mu dubi ƙasa. Ashe abin kallon yana ƙarƙashin ƙafarmu. Daɓen cocin gaba ɗaya hotuna ne na dutse. Yawancin shekara a rufe yake don kar takalma su cinye shi, 'yan makonni ake buɗewa, an kewaye da igiya ana bin gefe. Wasu an tsaga farin mabul ne da kurfi, aka cika tsagar da baƙin abu kamar kwalta. Wasu an yanka duwatsu masu launi, ja da rawaya da toka, aka haɗa su baki da baki. Ɗaruruwan shekaru ana yi, wani ya mutu wani ya ɗora. Da aka nuna min wanda aka ce Annabi Musa ne, na kawar da kai, raina bai so ba, kuma ba wanda ya matsa min. Amma akwai ɗaya da na kasa wucewa, sojoji suna fizge jarirai, uwaye suna kokawa da su da hannu. Ladi ta ce labarin sarki Hirudus ne da ya sa a kashe 'ya'ya maza. Wata uwa a ciki ta damƙi soja, bakinta a buɗe. Na sha ganin fuskar nan a ɗakin yara a asibiti. Wanda ya tsaga ta a dutse ya taɓa ganinta shi ma, na tabbata.

Ina tsaye sai Inna ta faɗo min, mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Duk unguwarmu in za a yi daɓen ɗakin amarya ita ake kira. Mata su durƙusa da madaɓi suna bugu suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba, wato na ɓawon ɗorawa, ita kuma ta bi da tsakuwa da fasassun tangaran tana jera ado a bakin ƙofa. Ban taɓa ɗaukar abin nan a bakin sana'a ba.

Yaya ta kai mu wani lungu da aka killace, inda suke aiki. Ta sa safar hannu, ta durƙusa a kan matashi. Na leƙa tiren kayanta, sai ga wuƙar tiyata, ga sirinji, ga auduga, kayan da nake miƙa wa likitoci kullum. Wani ɗan dutse ne ya ɗaga, bai kai tafin hannu ba. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa tana saurare, ta kankare tsohuwar ƙasar da ke tsagar a hankali, ta ɗura wani farin kwaɓi ta ƙarƙashi da sirinji. Hannunta ko rawa ba ya yi. Na ce me ya sa ba za a cire a sa sabo ba, a huta? Ta ce in aka yi ta sa sabo, wata rana ba sauran hannun mutanen farko a wurin.

Sai ga shugabarta, Sinyora Marta, 'yar gajeruwa mai furfura, tabarau a rataye a wuya. Turancinta kaɗan ne, Yaya ce ke fassara. Ta riƙe hannuna biyu ta yi magana mai tsawo. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai ta daɗe ba ta samu ɗaliba mai hannu irin nawa ba. Wai tana so in zauna shekara biyu a wurinta. Wai kin yi sa'ar 'ya."

To ku da kuka tashi a gida, me ake cewa in an yabi ɗan fari a gaban uwarsa? Kunya ta rufe ni, amsar ta fito da kanta da Hausa, yadda na ji iyaye na yi: "Wa? Wannan? Ina fa! Ba abin da ta iya, ko wanke-wanke sai an bi bayanta. Ku dai yi ta haƙuri da ita."

Yaya ta dube ni. Sannan ta juya ta fassara wa matar, kalma da kalma, ba ta rage komai ba. Na ga murmushin Sinyora Marta ya ɗauke, ta saki hannuna. Yaya ta cire safar hannu, ta ajiye a tire, ta fita.

"Rabi!" Ladi ba ta kiran sunana sai abu ya ɓaci. "Nan Zariya ce? Wa zai gane kara kike yi? Matar nan ta ɗauka tsine wa 'yarki kika zo yi. Ita kuma yarinyar wata bakwai tana jiran kalma ɗaya daga bakinki, ga wadda kika ba ta."

Na ce ai al'ada ce. Ta ce, "Ki bi ta, ko ki koma Wheaton ke da al'adar."

Sinyora Marta ce ta fito da mu ta nuna wani dogon bango a gefen cocin, tsaye shi kaɗai, da manyan tagogi ba komai a bayansu sai sama. Ɗazu Yaya ta ba mu labarinsa. Mutanen garin sun so su faɗaɗa cocin ya fi na kowa girma, suka tayar da bangon nan, sai annoba ta shigo ta kwashe jama'a, ginshiƙan kuma suka fara tsagewa. Aka bar shi haka har yau. Ta cikin gidan tarihi ake hawa, kuma da ɗan Turancinta ta ce can Yaya take zuwa in ranta ya ɓaci.

Matakalar murɗaɗɗiya ce, faɗin mutum ɗaya. Ladi ta leƙa ta ce ita a ƙasa za ta yi min addu'a. Na tattare zanina na fara hawa. Gwiwoyina suna ƙara, numfashi na sama-sama, wasu Turawa a bayana suna jira ina ce musu su yi haƙuri da Hausa. Tsoro nake ji, ba na faɗuwa ba, na in isa ta ƙi kallona.

Tana can ƙarshe, ta jingina da bango, duk rufin garin ja a ƙasanmu. Na tsaya kusa da ita ina haki. Ita ta fara magana.

"Ranar da na gama sakandare, kowa ya rungume ni, ke kika ce na dai yi ƙoƙari. Ƙannena su Sadik kina kiran sunansu, ni 'ke' ce. Ina 'yar shekara tara na tambayi Anti Ladi ko ba ke kika haife ni ba."

Wannan ban taɓa sani ba. Na ce, "Kunyar ɗan fari ce. Wanda aka fi so shi ake ɓoyewa."

"Na sani, Momi. Abba ya bayyana min, Anti ta bayyana min. Sanin bai hana ni jin zafi ba."

Sai na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba. Na ce ni ma 'yar fari ce. Har Inna ta rasu ba ta taɓa ce min sannu da ƙoƙari ba. Ranar da na samu takardar nas na kai mata, ko karɓa ba ta yi ba, ta ce in je in ɗora tukunya. Sai a zaman makokinta, bayan na yi tafiyar kwana biyu ban tarar da gawarta ba, matan unguwa suka dinga ce min, "Ke ce Rabi? Kullum zancenki take, har mun gaji. Hotonki a ƙarƙashin matashinta yake." Na ce ranar na yi kuka, kuma ba na rashi kaɗai ba ne, har da haushi. Me zai hana ta gaya min da kanta?

Na ce, "Ba na so ki ji nawa a bakin matan unguwa. Taso mu sauka."

Sauka ta fi hawa wuya. Ita ce a gaba, na dafa kafaɗarta har ƙasa.

Muka tarar da Sinyora Marta durƙushe a wurin aikin, Ladi na tsaye a bayan igiya. Na gyara mayafina na ce wa Yaya ta fassara.

"Ki ce mata ɗazu ba gaskiya na faɗa ba. Haka ake yi a garinmu, amma ba gaskiya ba ne."

Ta fassara. Matar ta miƙe, ta sa tabarau.

"Ki ce mata yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta taɓa kama abu ta sake shi a karkace ba. Ki ce na shekara ashirin ina kallon hannun likitoci, ban ga wanda ya fi nata natsuwa ba."

Ta fassara, muryarta ta yi ƙasa.

"Ki ce na zo ne in tafi da ita, na fasa. Ga amana nan na bar mata shekara biyu. Ki ce ni na haife ta, kuma duk cikin abin da Allah ya ba ni ba wanda nake alfahari da shi kamarta."

Ta fara, ta kai tsakiya, maganar ta maƙale. Sinyora Marta ta ɗaga hannu alamar ta gane, a bar shi haka.

Na ce, "A'a. Ƙarasa mata. Kar ki rage ko kalma ɗaya, ɗazu ma ai ba ki rage ba."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta ja numfashi, ta faɗe shi duka da bakinta.